Zaren Tsayin Auta

Zuwa ga maigidana, Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya kai da yara. Ya jikin Auta? Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon baya na zaman keken ɗinki da kewarku da ta ƙi barina.

Zaren ya iso. Abokan aikina a kamfanin ɗinki suna ta yi mini dariya, wai a zamanin waya ni ce mai jiran ambulan. Na ce musu waya ba ta ɗauko zare. Tun da likita ya ce ciwon suga irin na Auta kan tauye girman yaro in ba a kula ba, ba ni da abin da ke kwantar mini da hankali sai wannan zaren da kake yankowa daidai tsayinta. Guda biyar na jera a bangon ɗakina, duk kansu ɗaya. Na shidan nan kuwa ya ɗara su da inci biyu! Wallahi sai da na yi kuka a gaban mai gadi.

Ga riga nan na ɗinka mata a kan sabon awon. Hotunan littafin gwajin sugarta ma sun yi kyau, lambobi tsaf. A ci gaba da allura kan lokaci.

Taka har kullum,
Telarka

Baban Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga hoton. Rigar tana sharar ƙasa, hannun ya haɗiye yatsunta. Haba malam, tela za ka yi wa ƙarin zare? Shekara goma sha biyar ina riƙe da tef!

Na yi kwana biyu ina fushi da kai, har na karya allurar keke uku. Sai ga saƙonka na abin da ya faru a asibiti: gwajin wata uku ya fito sama sosai, nas ta buɗe na'urar gwajinta ta gida, ta ga lambobin cikinta daban da na littafin. Ashe Auta takan ga lamba mai yawa ta rubuta ƙarama, ta kuma daina yin allurar rana a makaranta don kada a gani. Da aka tambaye ta dalili, wai in lambar ta hau Mama kuka take yi a waya.

Sai da na sake karanta saƙon. Yarinya 'yar shekara tara tana lallashina da biro, ubanta yana lallashina da almakashi, ni kuma ina nan ina murna. Laifina ne. Na mayar da gwajin nan jarrabawa, kowa yana tsoron faɗuwa a gabana.

Ka gaya mata lamba ba ta da kyau ko muni, hanya kawai take nuna wa likita. Ta rubuta abin da ta gani. Ka je ka ga malamarta a samo mata wurin yin allura a keɓe. Rigar kuma kada a yanke, a kalmashe ta.

Matarka mai kewarku,
Maman Auta

Baban Auta, abin alfaharina,

Ina gaishe ka da ɗawainiya, ina gaida yara. Wata biyar ke nan ina karanta lambobi na gaskiya, wasu sun hau sosai, amma ban ƙara yin kuka a waya ba. Sai na ajiye wayar tukuna.

Zaren da nas ta yanka da hannunta ya iso jiya. Sau uku na auna, don yanzu ko kai ban yarda da kai ba. Rabin inci ya ƙaru a kan guda biyar ɗin farko. Rabin inci kacal, amma nata ne, ba na almakashinka ba.

Na taka bakin zaren da ƙafa, na miƙe tsaye, na ja shi a jikina. Ranar da na tafi, da ta rungume ni a tasha, kanta bai kai maɓallin rigata na uku ba. Yanzu ya taɓa shi. Na daɗe a tsaye a tsakar ɗaki, hannuna a daidai wurin.

Saura wata huɗu aikin nan ya ƙare. Kada ka warware kalmasar rigar, ka bar mini. Ina so in durƙusa a gabanta in warware da hannuna.

Taka,
Telarka