Numfashina a Kan Dutsen Habasha

Habasha, Nuwamba 1972

Zuwa ga yayata Hadijatu, a Gwaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinku, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da Malam Barau da yara. Na ji an girbe dawa lafiya a Farin Dutse, Allah ya sa a ci da rai. Ni ma ina nan ƙalau, aikinmu na allurar shanu yana tafiya.

Takardarki ta iso, hankalina kuwa ya tashi. Kin ce Salihu abokin aikina da ya je hutu ya ba da labari wai na faɗi a kan dutse numfashina ya ɗauke, kuma tun ranar Inna ba ta cin abincin kirki, tana cewa ciwon ƙirjin da ya yi ajalin Baba ne ya biyo ni, in ajiye aikin in dawo gida. Salihu bai yi ƙarya ba, amma ya tsinko kan labarin ya bar sauran. Don Allah ki zauna kusa da ita ki karanta mata wannan a hankali.

Wani dattijo ne da muka yi wa shanunsa allura ya nuna mana wani tsauni da sandarsa, ya ce akwai kufan tsohon birni a samansa. Na dubi wurin na ce ai kafin azahar mun je mun dawo. Kin san mu mutanen fili, in mun hango abu sai mu ɗauka mun isa. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗaura wa alfadarinsa kaya ya shige gaba. Sai da muka kwana a hanya.

Yaya, duwatsun Birnin Kudu da muke taƙama da hawansu muna 'yan makaranta, a nan ko a gindin murhu ba za a sa su ba. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, hagu dutse, dama kwazazzabon da ba a ganin ƙarshensa. Na ga shaho yana shawagi a ƙarƙashin ƙafafuna. Na ga gajimare ya taso daga ƙasa ya ratsa mu, ya bar mu da jiƙaƙƙun riguna. Bakina bai daina tasbihi ba.

Da muka kusa kaiwa sai kaina ya fara sarawa, ina jan iska ba ta isata. Na zube a gefen hanya, kuma ba zan ɓoye miki ba, Baba na tuna, na ji tsoro ƙwarai. Salihu ma idonsa ya raina fata. Dattijon nan kuwa ko a jikinsa. Ya ce iskar sama ce ba ta da kauri, kowane baƙo haka take yi masa, har alfadarin da aka sayo daga kwari. Ya ba ni soyayyen sha'ir, wani hatsi mai kama da alkama, na tauna, na huta, na miƙe. Likitanmu ma daga baya ya auna ni, ya faɗi abin da tsohon ya faɗa.

Sai ga birnin. Gidaje na dutse tsagwaro an jera ba laka, rufin duk ya tafi, bishiyoyi sun fito a tsakar ɗakuna. Ga rijiyoyi an fafe cikin dutse, ga matakalai duk sun lotsa saboda sawun mutanen da babu wanda ya san sunansu yanzu. Na tsaya ina tunanin wanda ya ɗauko dutsen farko ya hau da shi nan, inda ni da butata kaɗai na kasa. A tsakiyar garin muka tarar da wani gini mai faɗi, da 'yar kusurwa a bango ɗaya. Na duba rana, na duba kusurwar, sai na ga alƙibla take fuskanta. Masallaci ne, Yaya. Tsohon ya ce tun kakannin kakanninsa ba a taɓa jin an yi salla a ciki ba.

Lokacin la'asar ya yi. Na hau kan bangon na sa yatsu a kunne na yi kiran salla, duk da Salihu yana ta cewa in bari saboda numfashina. Ban yanke ko kalma ɗaya ba. Duwatsun suka dinga maido mini da muryata ɗaya bayan ɗaya, har na gama suna ci gaba. Ni da Salihu muka yi jam'i ina hawaye.

Ki gaya wa Inna da ƙirjin nan da take jin tsoro na yi wannan kiran. Ina son aikina, kuma ina so in ƙarasa shi. Amma in ta ji duk wannan ta ce in dawo, wallahi ranar da amsarki ta iso zan ɗaure kayana, ba zan ƙara ko kalma ba.

Ki gaishe mini da Bappa Maikano, da Turai, da Dabo na Kangire, da 'yata Mero.

Naki ƙane mai jiran bakin Inna,
Abdulsalami