Littafina da Sunan Sabo

Laraba da dare, 13 ga Oktoba, 1999. Gyadi-Gyadi.

Yau shugaban makarantarmu ya raba mana sabon littafin kimiyya da Hausa. Ina buɗewa na gane rubutuna. Shekara biyu na yi ina rubuta bayanin yadda ƙwayoyin halittar jiki ke aika wa juna saƙo da sinadari, na ba abokina Malam Sabo ya duba kurakurai. Sunansa ne a bangon, nawa babu ko'ina.

Ko misalin Inna bai cire ba: yadda insulin ke zuwa ya ƙwanƙwasa wa ƙwaya ƙofa don ta karɓi sukari, nata jikin kuma ya daina amsawa. A bakin gadonta na rubuta shafin nan kafin ta rasu.

Bayan la'asar na sami Malam Sabo a gidansa na Tarauni. Tun hawan farar hula mulki ya zama na hannun daman wani ɗan majalisa. Ya ce, "Haba Malam Habu, ai ilimi na kowa ne. Za a gyara a bugu na biyu."

Da zan fita ya sa hannu a kwafi ɗaya ya miƙo mini. Abin da ke ƙona mini rai har yanzu, na karɓa, har na ce na gode.