Karara a Cikin Harawar Surukina

Daren Asabar, watan Rabi'ul Sani, 1375

Sai yanzu jikata Binta ta samu barci, bayanta duk ya yi rudu-rudu. Raina a ɓace yake, Allah Ya yafe mini.

Da hantsi ina zaune a gidan 'yata Hajara, mijinta Malam Sani ya sauke damin harawa daga gonarsa ta bakin kogi. Ina hangowa na gane akwai karara a ciki. Ganyenta uku-uku ne kamar na wake, amma kwanson a lanƙwashe yake, da gashi ja-ja mai sheƙi. Wa ya girma a ƙasar Wudil bai san ta ba? To, suruki ne, ba na iya yi masa magana. Na ja Hajara gefe na ce, "Gaya wa maigidanki ya tsince kararar nan ya ƙona." Ta ce, "Haba Inna, ai ya san aikinsa." Wai kada ya ga ta raina shi.

Kafin azahar yarinyar ta hau damin tana wasa, ko riga babu. Ta yi ta birgima tana yagar jikinta har muryarta ta dushe. Na goge ta da toka, na shafa mata man gyaɗa, na riƙe hannuwanta. Shi kuwa daga zaure ya aiko wai cinnaka ce.

Wai cinnaka. Damin yana nan jingine da rumbu. In Allah Ya kai mu gobe, zan ja mayafina in tsaya gabansa in faɗa masa da bakina. Duk wanda ya ce na yi rashin kunya, ya zo ya kwanta a kai.