Sunan da ban taɓa kira ba

Yaya Hajo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya zaman Legas? Ya maigida da ɗiya, ya ƙafar taki? Mu nan Bagega lafiya lau, Inna tana gaishe ki.

Satin da ya wuce na kai autata Sa'a asibiti a Anka, tana zazzaɓi. Likitar ta tambayi haihuwata, na ce huɗu, uku na raye. Ta ce ya sunan wanda ya rasu? Na sadda kai. Kin san ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko ranar da gubar dalma ta ɗauke shi kunya ta hana ni kuka.

Ba ta matsa mini ba. Ta aje alƙalami, ta jawo kujera kusa da ni, ta ce, "Na fari ne ko? Bar sunan, baiwar Allah. Mi ya fi so?"

Na ce fura. Yaya, sai kukan shekarun nan ya ƙwace mini. Ta riƙe hannuna har na gama.

Tun ranar, in ina damun fura sai in ji kamar yana tsaye bayana da ɗan ƙoƙonsa.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Ke da kike iya faɗin sunansa, ki ambace shi.

Ƙanwarki,
Rabi