Ɗan Maƙeri da Wutar Kumbo

Hamadar Aljeriya, 1966

Zuwa ga Yaya Danda, a Korgom.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Baba da Inna Hajjo? Gyaɗar bana ta yi ƴaƴa? Ni lafiya lau nake. Aikin walda wurin Nasara ba laifi, zafi ne dai.

Ga hoton da na yi wa Baba alkawari. Daren da Nasara za su harba kumbonsu sama, na aro abin ɗaukar hoto, na tsaya gaban kowa. Har na ce wa abokan aiki ɗan maƙeri ba ya tsoron wuta. Yaya, da wutar ta tashi, dare ya koma rana, ƙasa ta kama rawa. Ban san sa'ad da na ruga ina salati ba. Da aka wanke hoton, babu kumbo, sai rairayi da ƙafata guda.

Ka san Baba da hannu yake kama ƙarfen da ya yi ja a wuta ranar wasan maƙera, duk gari na kallo. Don Allah in ka nuna masa, kada ka ce ƙafar wane ne. Ko da yake zai gane ta, tabon garwashin maƙerarsa yana nan a diddige.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanenka,
Cindo