Garin Alkama

Asabar, 18 ga Disamba, 1971
Yaƙinmu da Pakistan ya ƙare, duk garin Khulna murna ake. Amma tun jiya samari ke bin gidajen Bihari da bindiga, baƙin nan da ake zargi da goyon bayan Pakistan. Da hantsi na ga Kamrun maƙwabciyata, 'yar Bihari, ta tsallako katanga, ita da mijinta Mustakim, makanikin masaƙar rama. Abin da ta ɗauko kaskon gurasarta kawai, don Allah dubi shirme. Ta ce, "Apa," wato yaya, "ki rufa mana asiri." Na sa su a ɗakin itace.

Lahadi, 19 ga Disamba
Mijina, baban Shirin, bai yi mini magana ba duk yini. Ban ga laifinsa ba. Sojojin Pakistan ne suka kashe ƙanensa, kuma an ce wani Bihari ne ya nuna musu gidan. Sai da yamma ya ce, "Su zauna. Amma kada ki canza komai a gidan nan. Abin da muke ci shi za su ci."

Talata, 21 ga Disamba
Mustakim ya kasa cin shinkafa. Shekara ashirin da huɗu a ƙasarmu, cikinsa bai san komai ba sai gurasa. Loma biyu ya ture kwanon. Na tsokane shi, na ce ko a Aljanna sai ya tambayi ina ake gasa gurasa. Ya yi dariya ba sauti. Ya rame ƙwarai.

Alhamis, 23 ga Disamba
Na saci jiki na je kantin Torab na sayo garin alkama kaɗan. Yana awo yana kallona. "Bhabi," wato matar yaya, "alkama? Gidanku da ko lokacin tsada ba ku taɓa saye ba?" Na ce 'yata Shirin ce ta yi marmari. Ya ce, "To, Allah ya ƙara wa Shirin lafiya."
Mustakim ya ci gurasa guda huɗu. Har albarka ya sa mini.

Juma'a, 24 ga Disamba
Samarin sun zo bayan sallar Juma'a. Ba su duba ko'ina ba, ɗakin itace suka nufa. Sun tafi da Mustakim wajen kogi.

Lahadi, 9 ga Afrilu, 1972
Na daɗe ban buɗe littafin nan ba. Yau na je sansanin Khalishpur, inda aka tara Bihari. Labulen buhu ne ya raba iyali da iyali, famfo ɗaya ga mutum ɗari. Kamrun ta rubuta sunanta cikin masu jiran a kwashe su zuwa Pakistan, ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Ta ba ni mabuɗin gidanta. "Ki riƙa buɗe taga, Apa, damina na zuwa." Sannan ta riƙe hannuna. "Wa ya faɗa musu? Ke kin san unguwar nan." Na ce ban sani ba. Wallahi na buɗe baki zan faɗa, sai na ji ina tambayarta ko tana samun sabulu.
Baban Shirin ma bai san na sayi alkama a wurin Torab ba. Ragowar garin na zubar a kududdufi tun ranar.

Laraba, 6 ga Satumba
Na share wa Kamrun gida, na buɗe tagogi. Wasu sun so shiga, na ce da mai shi.

Litinin, 14 ga Mayu, 1973
Yayan baban Shirin ya ajiye kayansa a ɗaki ɗaya na gidan Kamrun. Wai kafin ta dawo.

Talata, 12 ga Fabrairu, 1974
Ba a kira sunan Kamrun cikin masu tafiya Pakistan ba wannan karon ma. Na kai mata kaskonta, ta ƙi karɓa. Ta ce, "In gasa wa wa?" Garin alkama ake raba musu a sansanin, ita kuma musanya shi take yi da shinkafa. Ba ta tambayi gida ba, ni ma ban ce an rushe katangar da ke tsakaninmu ba.
Na dawo da kaskon, na rataye shi a madafa. Shirin ta tambaya ina za ta shanya kaya, na ce ta kai tsakar gidanmu na baya.
Gidan Kamrun nake nufi.