Muryar Baba Ta Maƙale a Kwamfuta

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya zaman baƙunta? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Daura lafiya lau, sai dai hankalina a tashe yake.

Kwamfutar da ka bar mana, wadda karatun marigayi Baba yake ciki, ta soma daskarewa. Na yi yadda ka koya mini: na buɗe baƙin allon nan, na rubuta umarnin da ke sa ta binciki fayilolinta ta gyara waɗanda suka lalace. Ka san batirinta ya mutu, don haka na jona ta da janaretan maƙwabcinmu Malam Idi tela. Na sha'afa cewa shi da an kira salla yake kashe inji. Binciken ya haura rabi aka kira azahar, sai ɗif! Yanzu ko buɗewa ba ta yi.

Na kai wa mai gyara, wai sai dai a goge komai. Na fizge abata na fito. Wallahi, Yaya, ba mu da wannan karatun a ko'ina.

Don girman Allah ka rubuto mini abin yi, dalla-dalla. Ka gaida mutan gidan, ku sa mu a addu'a.

Kullum da safe sai Inna ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Hadiza, kunna mini Malam," wato karatun Baba. Kwana huɗu ke nan ina ce mata babu wuta. Yau ta ɗaga kai ta dubi ƙwan fitila yana ci.

Ƙanwarka,
Hadiza